Darasi na 14: Zaɓen Jitar Lantarki

Wata rana da hantsi ɗan ƙanwata, wanda tela ne, ya zo mini da kuɗin ɗinkin sallah ƙunshe a leda, ya ce, "Kawu, raka ni in sayi jita." Muka shiga wani shagon kayan kiɗa da ke da jita kusan talatin rataye a bango. Ko zama bai yi ba idonsa ya faɗa kan wata ja mai sheƙi, maɗauranta kamar zinariya. Mai shago ya lura, ya ce, "Alhaji, yaron nan ya san kaya. Wannan 'yar Amurka ce."

Na ce a sauko da ita. Na kafa gindinta a ƙasa, na runtse ido ɗaya, na bi wuyanta da kallo daga kai zuwa jiki, yadda kafinta ke duba katako kafin ya saya. Wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Muka fito da wata baƙa ta hannu, ƙirar Indonesiya, fentinta ya koɗe a inda damtse ke gogawa. Har muka iso gida yaron nan yana kumburi. Amma baƙar yake kaɗawa har yau.

A wannan darasi za mu koyi abin da ya raba jitar nan ja da baƙar, da sauran abubuwan da mai saye zai duba kafin kuɗinsa su bar hannunsa.

Daga ina sautin yake fitowa?

Garaya da molo da gurmi duk suna da ƙoƙon da aka rufe da fata, kuma ƙoƙon ne ke ƙara wa tsirkiya amo. Yawancin jitar lantarki ba ta da ƙoƙo, gungumen katako ce kawai. In ka kaɗa ta ba a jona ba, na bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji.

Aikin ƙoƙo ya koma kan wani abu da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda masu sana'ar ke kira fikof. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi da dangantaka da motar a-kori-kura. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai 'yar ƙaramar wutar lantarki ta taso a cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙarfafa ta, ta tura wa lasifika. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a jitar lantarki, domin maganaɗisu bai san roba ba. Shi ya sa kuma wanda ya sayi jita bai sayi amfilifaya ba, rabin kaya ya saya.

Wuya

In da za ku manta da komai na darasin nan, to kada ku manta da wannan sashe. Fikof ana cire shi a sa wani. Wayar da ta tsinke a ciki, mai gyaran rediyo na unguwa zai liƙe ta da dalma cikin minti goma. Fenti kuwa ba ya kiɗa. Amma wuyan da ya murɗe ba shi da magani sai canji, kuma samun wani wuyan da zai dace, a garuruwanmu, aiki ne ja.

A kan wuya akwai siraran ƙarafa da aka gitta, ana ce musu firet. Yawanci 21 ne ko 22, wasu jitar 24. A tsakaninsu ake danna tsirkiya don sauya murya. Bayan dubawar kafinta da na ambata, akwai gwajin da za ka yi da abin da ke aljihunka. Katin cirar kuɗi na banki kaurinsa milimita 0.76 ne. Haɗa biyu, sun kai kusan milimita ɗaya da rabi. Nemi firet na 12, wanda galibi ake yi wa alama da ɗigo biyu, ka zura katunan tsakanin ƙarfen da tsirkiya. A jitar da aka saita da kyau, kati biyu za su shiga daidai a ƙarƙashin siririyar tsirkiya, biyu zuwa uku a ƙarƙashin kakkaurar. In ka ga huɗu sun shige suna lilo, tsirkiyoyin sun yi sama da yawa. Irin wannan jita ce ke sa sabon ɗalibi ya yi mako biyu yana fama da ciwon yatsu, daga nan ya jingine ta a bayan ƙofa ya ce ba shi da baiwa, alhali kayan aikinsa ne suka cuce shi.

Tashin tsirkiya ba kullum ne yake nuna lalacewa ba. A cikin wuya akwai doguwar sandar ƙarfe da ake murɗawa da alanki don miƙar da shi, kuma jakin jita, wato inda tsirkiyoyi ke hawa a kan jiki kamar jakin goge, ana iya sauke shi. Don haka ka ce wa mai shago ya saita ta a gabanka. In ya murɗa sandar ta amsa, madalla. In ta cije, ko kanta ya cinye har alanki ba ya kamawa, mayar da ita bango ko da ya ce ka biya rabin kuɗi. Kai kuma in ka kai gida kada ka riƙa murɗa sandar nan da ƙarfi kamar mai ɗaure tayar mota. Rubu'in zagaye ake yi, a dakata a ga yadda katakon ya amsa.

Daga nan sai ka zauna ka danna kowace tsirkiya a kowane firet, ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa. Tsirkiya shida sau firet 22 ya kama 132. Mai shago zai ƙosa, zai fara duba wayarsa yana tsaki, kada ka kula shi. Abin da kake nema shi ne inda sauti ke zizar ƙuda, ko inda yake mutuwa nan take. A jita ta hannu duba firet na farko zuwa na biyar da kyau, domin nan ne yatsu suka fi zama, kuma tsirkiya kan ci ƙarfen har ta yi masa rami. Sai ka shafa gefen wuya da tafin hannu. In ƙarafan suna kartar ka, a lura, za mu dawo kansu idan mun zo maganar hunturu.

Gwaji na ƙarshe na kunne ne. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a firet na 12 ka sake kaɗawa. Wannan firet yana tsakiyar tsirkiya cif, saboda haka murya ɗaya ya kamata ka ji, ta biyun tana sama da ta farko kamar muryar yaro da ta babansa a kan baiti ɗaya. In kunnenka bai riga ya goge ba, akwai manhajojin saita jita na kyauta a waya. Ɗan bambanci ana gyara shi a jaki da sukundireba. Bambanci mai yawa a dukkan tsirkiyoyi kuwa alama ce cewa tun a masana'anta aka yi kuskuren awo.

Bayan duk wannan akwai abin da kati da manhaja ba za su auna maka ba, wato yadda wuyan ke zama a hannunka. Wani wuyan kauri gare shi kamar taɓarya, wani falele. Nisan da ke tsakanin jaki da kan jita ma ya bambanta: inci 25.5 a yawancin ƙirar kamfanin Fender, inci 24.75 a ƙirar kamfanin Gibson. Bambancin bai kai santimita biyu ba, amma mai gajerun yatsu zai ji shi. Riƙe ta minti goma ko sha biyar, a zaune da kuma a tsaye da maratayi, hannunka zai faɗa maka gaskiya.

Ƙira uku da ake ta kwaikwayo

Kusan duk jitar da za ka gani a rataye kwaikwayon ɗaya daga cikin ƙira uku ce, dukkansu daga Amurka. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A 1950 ya fito da wadda daga baya aka raɗa wa suna Telecaster, a 1954 kuma Stratocaster. A tsakaninsu, a 1952, kamfanin Gibson ya fito da Les Paul.

Tunanin makaniki Fender ya yi. Wuyan jitarsa da kusoshin murɗawa huɗu aka ɗaura shi a jiki, in ya lalace a kwance a sa wani. Les Paul kuwa manne wuyanta aka yi da gam, an yi jikinta da katakon da ke dangi da maɗacinmu, tana da nauyi, sau da yawa ta haura kilo huɗu, kuma kanta ya karkata baya, wanda ya sa in ta faɗi a nan take karyewa. Sautinta mai kauri ne da daɗi, ba musu. Amma ni dai ba zan ba wanda zai riƙa goya jita a kan babur zuwa gidan biki shawarar ya fara da ita ba.

Bambanci na biyu a fikof yake. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender, siriri ne, sautinsa tas-tas, kowace tsirkiya tana fita daban. Aibinsa shi ne yana kwaso gunjin wutar gida, wani "huuu" da ke ƙaruwa in ka matsa kusa da janareta ko tsohon ƙwan lantarki mai tsawo. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya magance wannan ta hanyar haɗa naɗi biyu da ke fuskantar juna, gunjin ɗaya ya kashe na ɗaya, kuma daga 1957 aka fara sa shi a Les Paul. Shi ne faffaɗan fikof da za ka gani kamar akwatin ashana. Ya fi shiru, ya fi ƙarfi, sai dai bai kai ɗayan kaifi ba.

Wanne za ka ɗauka? Ya danganta da kiɗan da ke kanka. Wanda ke son salon Agadas, irin na Bombino ko Mdou Moctar, inda yatsu ke gudu a kan tsirkiya ɗaya kamar mai kaɗa molo, ko kuma saurin kiɗan Tal National na Yamai, siririn fikof zai fi yi masa. Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da Stratocaster aka fi saninsa. Wanda bai riga ya tsai da shawara ba, akwai jita mai haɗa duka biyun, faffaɗa ɗaya kusa da jaki da sirara biyu, kamar Yamaha Pacifica 112. Ga mai koyo, wannan ce na fi yarda da ita.

Wasu jitar suna da sandar girgiza murya a jikin jaki. Mai sauƙi irin ta Stratocaster ba laifi, in ba ka so ma ka cire sandar ka ajiye. Amma akwai wata mai kulle tsirkiyoyi da ake kira Floyd Rose, wadda in tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar duk sai su fita daga saiti, kuma canjin tsirkiya a kanta kan cinye wa sabon hannu yini guda. A bar wa gwanaye wannan. Haka ma jitar da fikof ɗinta ke cin batir mai bolt 9, wadda ranar da batirin ya mutu a tsakiyar biki za ka gane kurenka.

Sunan da ke rubuce a kai

Fender na asali ana ƙera su a Corona ta Kalifoniya da Ensenada ta Meziko, Gibson kuma a Nashville. Kowannensu yana da ƙaramin suna na masu ƙaramin ƙarfi: Fender ta fara fitar da jita da sunan Squier a 1982, Epiphone kuma Gibson ta saye shi a 1957, kuma yawancinsu yanzu a Sin da Indonesiya ake yin su. Akwai kuma Yamaha da Ibanez na Japan, da Cort na Koriya ta Kudu. Waɗannan duk halattattun kaya ne.

Matsalar ita ce jabu. In aka nuna maka jita an rubuta mata Gibson, aka faɗi kuɗin da bai wuce na wayar hannu mai matsakaicin daraja ba, ka san akwai lauje cikin naɗi. Wata alama mai sauƙi: ɗan murfin da ke rufe bakin sandar wuya a kan Gibson na asali kusa biyu gare shi, na jabu sau da yawa uku. Epiphone ma uku gare shi, amma shi bai yi maka ƙaryar sunansa ba. Gara Squier ta gaskiya da Fender ta ƙarya, domin wanda ya yi ƙarya a suna ba za ka san inda ya tsaya ba. Sayen jita ta hoto a Facebook ko WhatsApp kuwa, ba ka taɓa wuyanta ba, cinikin biri ne a sama.

Ta hannu ba abin kunya ba ce. Katakon da ya shekara goma a Kano ko Damagaram bai karkace ba, ya riga ya ci jarrabawar da sabuwar jita ba ta zauna ba tukuna.

Amfilifaya da wuta

Kada ka zuba kuɗinka duka a kan jita. Ni nakan ce a ware wa amfilifaya aƙalla kashi ɗaya cikin uku, sannan a bar canji na waya, da maratayi, da jaka mai soso, da tsirkiya fakiti biyu. Don koyo a ɗaki, mai ƙarfin wat 10 zuwa 20 ta isa, musamman in tana da kafar jona abin sauraro na kunne, wanda zai raba ka da faɗa da maƙwabta a gidan haya. Inda wuta ba ta samuwa akwai masu aiki da batir, irin su Roland Cube Street.

A shago, a jona jitar kafin a biya. Murɗa kowane maɓalli, ka kai makunnin fikof kowane matsayi, ka girgiza wayar a bakin kafarta. Ƙaraƙaf-ƙaraƙaf yawanci ƙura ce ko sako-sakon dalma, gyara ne mai araha, kuma hujja ce ta neman ragi.

Duba bayan amfilifaya ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120. Na taɓa sayen wata 'yar gwanjo a hannun wani ɗan kasuwa, na kai gida da murna na cusa a soket ban karanta ba. Ƙara ɗaya ta yi, sai hayaƙi da warin ƙonannen roba. Da na mayar masa, sai ya ce, "Malam, ai lafiya lau na ba ka."

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da ƙarfen amfilifaya ta cikin waya. In wayar gida ko ta janareta ba ta da mahaɗin ƙasa mai kyau, wuta na iya biyowa har hannun makaɗi, musamman in ya taɓa makirufo yana riƙe da jita. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Les Harvey, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea ta irin wannan hanya. Saboda haka kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, kuma kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. In ka ji tsirkiya tana ɗan cizon yatsa, kashe komai ka kira mai gyaran wuta.

Hunturu da damina

Masu ƙera jita sun fi so ta zauna inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A hunturunmu laima kan faɗi ƙasa da kashi 20. Yadda ƙofar katako ke sakewa da rani ta kumbura da damina, haka wuyan jita yake yi. Katakon yana tsukewa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakin firet ke fitowa yana kartar hannu a watan Janairu. Ana goge shi da ƙaramin zarto na ƙarfe mai laushi sau ɗaya a huta. Ka sa rai za ka sake saita wuya sau biyu a shekara, farkon hunturu da faɗuwar damina. Ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga, kuma kada ka bar ta a cikin mota da rana tsaka. Gumi yana sa tsirkiya tsatsa, don haka a share ta da tsumma bayan kowane kiɗa. Ga mai koyo, sirara masu lamba 9 zuwa 42 sun fi sauƙin dannawa.

Bahago ya nemi jitar bahagwai tun farko in zai samu, ko da yake ba su da yawa a shaguna. Jimi Hendrix juya ta dama ya yi ya sake jera tsirkiyoyin, kuma ana iya yin haka, sai dai maɓallan za su koma ƙarƙashin damtse. Mata da ke ajin nan kuma kada wani ya ce muku akwai jitar maza da ta mata. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad a Nijar da jitar ɗan'uwanta ta koya. Nauyi da kaurin wuya kawai za ku duba, kamar kowa.

Aikin yi

1. A ce kana da Naira 300,000. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na amfilifaya, da kashi ɗaya cikin goma na waya da jaka da tsirkiya. Nawa ya rage na jita?

2. Kati uku na banki milimita nawa ne in an haɗa su? In kati huɗu sun shige ƙarƙashin tsirkiya a firet na 12, me za ka ce wa mai shago ya yi kafin ka yanke shawara?

3. Ka bayyana wa na kusa da kai, da bakinka ba da karantawa ba, dalilin da ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a jitar lantarki.

4. Kafin zama na gaba, kowa ya duba bayan rediyo, ko talabijin, ko cajar waya a gidansa, ya kwafo lambar bolt da aka rubuta a jiki. Wanda ya san mai jita a unguwarsu, ko a coci ko cikin masu kiɗan biki, ya roƙi aronta na yini ɗaya ya zo da ita, tare da katin banki biyu.